Atisayen Share Fagen Besbol a Idon Ɗan Kallo

A tsakiyar watan Fabrairu ƙungiyoyi 30 na MLB, babbar gasar besbol (wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda) ta Amurka da Kanada, suke rabuwa gida biyu domin atisaye, 15 su nufi jihar Florida, 15 kuma jihar Arizona, kuma masu jifa da masu cafe ƙwallo ne ke fara isa sansani. Ina ƙaunar wannan lokaci saboda filayen ƙanana ne, har ɗan kallo yakan miƙa wa gwaninsa ƙwallo ya sa masa hannu.

Amma hankalina ya fi karkata ga matasan da ke fafutukar samun gurbi cikin 'yan wasa 26 na ƙungiya, domin manyan taurari jiki kawai suke warwarewa, su kuwa matasan nan kowane bugu yana iya yanke makomarsu kafin a fara gasar a ƙarshen Maris.