Yadda Muka Sauya Rabon Liƙi a Ƙungiyarmu ta Rawa

Na daɗe ina taka rawa a wata ƙungiyar Hausawa a nan Gadarif, a gabashin ƙasar Sudan, muna zuwa bukukuwan aure da na suna, amma ban taɓa tambayar yadda ake raba kuɗin liƙi ba sai ranar da wata ƙanwarmu ta buɗe hannu ta nuna mini abin da aka damƙa mata. Rabin abin da aka ba ni ne, alhali tare muka sha ƙura tun La'asar har bayan Isha'i, kuma ita ce ta riƙe amshi lokacin da muryoyinmu suka dushe.

Hujjar dattawanmu ita ce maza ne ke zuwa wasannin nesa, domin a zamanin dokar kula da tarbiyyar jama'a ana iya gurfanar da mace a yi mata bulala saboda sutura ko cuɗanya da maza. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke wannan doka a watan Nuwamban 2019, matanmu suka fara bin mu ko'ina, rabon kuwa bai motsa ba.

A taron da muka yi a gindin darbejiya, yarinyar ta durƙusa ta ce wa shugaba, "Baba, idan gumi ɗaya ne, me ya raba ladan?" Ya daɗe bai ce uffan ba. Daga ƙarshe aka amince a riƙa zube kuɗin a tabarma a ƙirga a gaban kowa, a fara ware na sauya fatar kalangu da ganga, sannan a raba sauran daidai wa daida a rubuta a littafi. Mace aka zaɓa ma'aji. Dattawa biyu sun yi fushi sun bar mu, abin da ke damuna har yau, domin ɗayansu ne ya koya mini taku.

Batun shigar da wanda ba Bahaushe ba ya fi wuya. Tun bayan rikicin jihar Bulu Nayil na watan Yulin 2022, inda aka kashe 'yan uwanmu da dama, tsoro ya sa wasu suka ce a rufe ƙofa. Da birnin Wad Madani ya faɗa hannun dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, a Disambar 2023, 'yan gudun hijira suka cika makarantun garinmu, kuma daga cikinsu wani saurayi ɗan ƙabilar Nuba ya riƙa zuwa kallon atisayenmu. Ya iya kambala, rawar da ake yi da ƙahon bijimi a kai da kacau-kacau a ƙafa. Mun karɓe shi, kuma saboda shi ake maimaita duk abin da aka yanke da Larabci.

Sai dai har yanzu sababbin shiga ba su da ƙuri'a wajen zaɓen shugabanni, kuma wannan ne zan gabatar a taronmu na bayan girbin riɗi.