Na auna ƙasashe da zare da almakashi

Abin da na so in gane shi ne girman ƙasashe na gaskiya, shi ya sa na ajiye taswirar bango gefe guda na ɗauko taswirar duniya mai siffar ƙwallo, irin wadda ake juyawa a kan tebur. Kayan aikina zare ne da takarda mai shara-shara da fensir da almakashi.

Da Girinland na fara, domin a taswirar bango tana kai kafaɗa ɗaya da Afirka. Na ɗora takarda a kanta, na bi gaɓar tekunta da fensir, na yanke. Ɗan guntun da ya fito na ɗora shi a arewacin Afirka, sai ga shi bai ma rufe Aljeriya duka ba. Alƙaluma suka tabbatar: Girinland murabba'in kilomita miliyan 2.2 ce, Aljeriya kuma kusan miliyan 2.4. Afirka gaba ɗaya ta haura miliyan 30, wato ta ninka Girinland wajen sau 14. Na miƙa zare daga arewacin Tunisiya zuwa ƙarshen Afirka ta Kudu, na gwada shi da ma'aunin taswirar, ya ba ni kusan kilomita 8,000. Zaren Girinland bai kai 2,700 ba.

To, me ya kumbura ta haka a bango? Duniya ƙwallo ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya. Duk wanda ya taɓa yanka tsohuwar ƙwallon roba ya nemi ya shimfiɗa ta a ƙasa ya san ba ta kwanciya sai an ja wani wuri ko an tsaga wani. Masanin lissafi Gauss ya tabbatar da wannan a 1827: babu hanyar shimfiɗa ƙwallo ba tare da an gurɓata wani abu ba. Mai zana taswira dole ya zaɓi abin da zai kiyaye da abin da zai sadaukar.

Irin taswirar da ke bango, Gerardus Mercator ne ya fitar da ita a 1569, kuma matuƙan jiragen ruwa ya yi wa aiki. Ya tsara ta yadda matuƙi zai ja miƙaƙƙen layi daga tasha zuwa tasha, ya riƙe alkibla ɗaya a kamfas har ya isa. Don ya cim ma haka, sai ya riƙa buɗa ƙasa gwargwadon nisanta da ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. A digiri 60 arewa da ikwaita, wajen biranen Oslo da Helsinki, tsawo da faɗi kowanne ya ninka sau biyu, fili ke nan ya ninka sau huɗu. A digiri 80 ninkin ya wuce sau 30. Girinland kusan dukkanta tana arewa da digiri 60, Afirka kuwa ikwaita ta ratsa tsakiyarta, don haka ita ta zauna a girmanta sauran suka kumbura. Ban ga laifin Mercator ba, aikinsa ya yi kuma ya yi kyau. Abin da ke damuna shi ne yadda taswirar matuƙa ta koma taswirar aji, yara suna tashi da hoton da ba don su aka zana ba. Alaska sai ta yi kamar ta kai Birazil, alhali Birazil ta ninka ta kusan sau biyar.

Na duba wasu zane-zanen da ke kiyaye girman fili. Na Gall da Peters, wanda Arno Peters ya yayata a 1973, yana ba kowace ƙasa filinta daidai, amma yana miƙe Afirka ta yi tsawo fiye da siffarta. Equal Earth da aka fitar a 2018 ya fi kwanta mini, kuma shi ne masu fafutukar gyara taswira suke so a rungumi, fafutukar da Tarayyar Afirka ta mara wa baya a 2025.

Sai dai gyaran fili rabin aiki ne, kuma rabi na biyu ya fi ɗaukar hankalina. Na ja layi a littafi, gefe ɗaya fili, gefe ɗaya yawan jama'a, na riƙa rabawa. Rasha ko an sauke mata kumburin Mercator tana nan ta ɗaya a duniya da murabba'in kilomita miliyan 17, mutanenta kuma wajen miliyan 145. Bangaladash, wadda kan yatsana ya rufe ta ruf a jikin ƙwallon, filinta bai kai murabba'in kilomita 150,000 ba, amma mutanenta sun kai kusan miliyan 170. Da na raba, Rasha ta ba ni mutum takwas ko tara a kowane murabba'in kilomita, Bangaladash fiye da 1,100. Tsibirin Java kaɗai a Indonesiya ya fi Rasha jama'a. Girinland ɗin da ke cika bango, duk mutanenta ba su kai 60,000 ba.

Ko wannan rabawar ma tana da tarko, kuma Masar ce ta nuna mini shi. Filinta wajen murabba'in kilomita miliyan ɗaya, jama'arta sun haura miliyan 100, lissafi ya ce mutum ɗari da 'yan kai a kowane murabba'i, kamar ƙasa mai sarari. Amma kusan kashi 95 cikin ɗari na Misirawa suna zaune ne a bakin Kogin Nilu da mashigarsa, saura hamada ce. Da na buɗe hoton dare na tauraron ɗan adam, sai na ga siririn layin haske yana bin kogin, ya buɗe daga Alkahira zuwa teku, gabas da yamma kuma duhu. Haka Kanada, mafi yawan mutanenta suna kudu kusa da iyakar Amurka. Haka Rasha, wajen kashi uku cikin huɗu na jama'arta suna ɓangaren Turai, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na filinta ba.

Wani abu kuma da na lura da shi ina cikin cike layukan nan: adadin fili yana zaune, na jama'a kuwa tafiya yake. Indiya ta wuce Sin a 2023, don haka littafin da aka buga kafin nan ya riga ya tsufa. Wasu adadin ma ƙiyasi ne da aka gina kan tsohuwar ƙidaya. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango rabonta da ƙidayar jama'a tun 1984, Labanon kuwa tun 1932. Saboda haka na ƙara layi na uku a littafin, inda nake rubuta shekarar kowane adadi da kuma ko ƙidaya ce ko ƙiyasi.