Wani Tsohon Shagon Kofi a Asakusa

A unguwar Asakusa da ke Tokyo na shiga wani tsohon shagon kofi, irin wanda Japanawa ke kira kissaten, mai jajayen kujeru masu laushi na zamanin Showa, wato lokacin mulkin Sarki Hirohito, wanda ya ƙare a 1989. Na ci omuraisu, shinkafar da aka soya da naman kaza da tumatir, aka lulluɓe ta da lallausar wainar ƙwai. Japanawa ne suka ƙirƙiro girkin bisa salon abincin Turawa, kuma daɗinsa ya ratsa ni ƙwarai. Taliyar Napolitan kuwa, wadda aka ƙirƙiro a Yokohama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, na haƙura da ita, domin galibi ana sa mata naman alade.