Macen da ta faɗa tsakanin babi biyu

A ajin dokokin ƙasa da ƙasa, haƙƙin mata babinsa daban, haƙƙin tsirarun ƙabilu ma babinsa daban. Na mata yana ƙarƙashin yarjejeniyar CEDAW ta 1979, wadda ta hana nuna wa mata wariya. Na tsiraru yana sashe na 27 na yarjejeniyar haƙƙoƙin jama'a da siyasa ta 1966, wanda ya hana a raba su da al'adarsu da addininsu da harshensu. Da na zauna karatun shari'o'i, abin da ya fi ci mini rai shi ne macen da ta fito daga tsiraru takan faɗa tsakanin babi biyun nan, kowanne yana jiran ɗayan ya ɗauke ta.

Shari'ar Sandra Lovelace ce ta fayyace mini haka. 'Yar ƙabilar Maliseet ce, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Kanada, daga yankin Tobique. A 1970 ta auri baren da ba ya cikin ƙabilun asalin, nan take dokar gwamnati ta soke sunanta daga cikin mutanenta. Da namiji ne ya auro bare, ba abin da zai taɓa shi, matarsa ma sai ta zama 'yar gida. Auren ya mutu, ta koma garinsu da 'ya'yanta, aka ce ba ta da haƙƙin samun gida a inda aka binne cibiyarta. Kotun ƙolin Kanada ta riga ta goyi bayan dokar tun 1973, don haka a 1977 ta kai ƙara gaban Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Hukuncin 1981 shi ne na fi daɗewa a kansa. An ɗaura auren kafin yarjejeniyar ta fara aiki a Kanada a 1976, shi ya sa kwamitin bai tsaya kan bambancin da aka nuna tsakanin mace da namiji ba. Ya dubi cutar da take ci gaba har ranar: Tobique ne kaɗai wurin da za ta yi harshenta da danginta, kuma an rufe mata ƙofa. Sandra ba ta nemi a cece ta daga mutanenta ba, komawa cikinsu ta nema. Masu aikin kare mata da yawa suna zuwa da zaton al'adar macen ce abokiyar gabarta, alhali a nan dokar Turawan mulki ce ta kore ta.

Kwamitin kuwa ba shi da ɗan sanda ko kurkuku. Sai a 1985 aka gyara dokar, kuma ba na mantawa da cewa matan Tobique sun yi tattaki zuwa Ottawa, babban birnin ƙasar, tun 1979. Takardar hukuncin kwamitin ta yi nauyi ne saboda akwai masu ɗauke da ita a gida.

Labarin matan Yazidawa, tsiraru masu addininsu na daban, ya fi ɗaci. A Agustan 2014 mayaƙan IS suka afka wa Sinjar a Iraƙi, suka sace dubban mata da 'yan mata suna sayarwa. Iraƙi ba ta cikin kotun hukunta manyan laifuka ta duniya (ICC), don haka ba a kai batun can ba, har sai da wata kotu a Frankfurt ta Jamus ta fara kama wani ɗan ƙungiyar da laifin kisan ƙare-dangi a Nuwamban 2021. Shugaban addinin Yazidawa, Baba Sheikh, ya yi abin a yaba da ya ce a karɓi matan da suka kuɓuta hannu bibbiyu. Amma a 2019 majalisar addinin ta ce ban da yaran da aka haifa ta hanyar fyaɗe, dokar Iraƙi kuma tana jingina yaro ga addinin ubansa. Dokar tallafa wa matan da aka kafa a Maris 2021 ba ta warware batun yaran ba. Uwaye da dama sun bar 'ya'yansu a gidajen marayu a Siriya kafin a bar su su koma gida, wasu kuma suka zauna da 'ya'yan nesa da danginsu.