Mako na shida a gaban masaƙa: ƙoshiya harba ta ake yi

'Yan uwa masu koyo, makon nan na saƙa kamu biyu na fari ba tare da zare ya tsinke ba sai sau ɗaya. Gefen dama har yanzu a karkace yake kamar hanyar tururuwa, amma na gano inda matsalar take, kuma wata kalmar Turanci ce ta nuna mini.

Ƙanena da ke karatu ya zo ya tsaya a kaina ina fama, ya ce ai abin da muke kira ƙoshiya, wato ɗan katakon da ke kai zare ya komo a cikin saƙa, shi Turawa ke kira shuttle. Na ce ba motar da ke jigilar ɗalibai ba ce shuttle? Ashe daga masaƙa motar ta samo sunan. A Turanci kalmar aikatau ce kuma, ma'anarta kai da komowa cikin sauri tsakanin wuri biyu. Tushenta tsohuwar kalmar Ingilishi ce, scytel, wato kibiya ko ɗan mashin jifa, dangin shoot, harbi ke nan. Mu mun dubi siffarta muka ba ta sunan ƙoshiyar kwasar tuwo, su kuwa yadda take fita daga hannu suka duba.

Nan na tsaya. Makonni biyar ina tura ƙoshiya da yatsu, ina raka ta har tsakiyar zare kamar mai raka baƙo. Shi ya sa zaren kwarkwaro, wato zaren da ke cikin ƙoshiya, ke yin sako-sako a gefe ɗaya, ya ɗaure a ɗayan. Tun ranar farko Baba, maigidana a sana'ar, yake cewa, "Yaro, sake ta, ba ƙwai ba ce." Ban ji ba sai da Bature ya ce kibiya. Da na faɗa masa, dariya ya yi har da tari.

Ranar Talata na fara harbawa. Sau huɗu ta wuce hannun hagu ta faɗa ƙasa, sau ɗaya ta bugi butar Baba. Zuwa Alhamis ƙafa da hannu sun fara jituwa: in taka, zare ya buɗe baki, in jefa, in cafe, in buga.

Wannan jifan ne John Kay, wani mutumin Lankasha a Ingila, ya sauƙaƙa a 1733, da ya ƙera ƙoshiyar da ake fizga da igiya ta tsallaka da kanta. Kafin nan ƙyalle mai faɗi sai mutum biyu, wannan ya jefa wancan ya cafe. Mu da faɗin saƙarmu bai wuce tafin hannu ba, ba mu da uzuri. Daga baya sunan shuttle ya bi Henry Kissinger, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, da ya riƙa zirga-zirgar sulhu tsakanin Masar, Isra'ila da Siriya bayan yaƙin 1973, ya kuma bi kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, wanda ya fara tashi a 1981.

Mako mai zuwa zan yi wadari, wato jan zaren tsaye kafin a fara saƙa, da kaina karon farko. Wanda ya san dabarar hana zare harɗewa idan iska ta taso, don Allah ya taimaka mini kafin Asabar.