Zanen Anza da Inna Ta Ƙi Karɓa

Shekara huɗu ke nan da muka fara haɗuwa kowace Asabar a farfajiyar gidan wani abokinmu a Tawa, domin zana itatuwa da tsirran ƙasar Adar. Mu tara ne: malaman makaranta uku, har da ni, da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gandun daji, da ɗaliban jami'a biyu, da mai rubuta allunan shaguna, da mata biyu masu zanen lalle, waɗanda hannunsu ya fi na kowa nutsuwa a kan siririn layi. Ba mu da ofis, ba mu da mai ɗaukar nauyinmu. Kowa yana zuba abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata, da shi muke sayen fensir da kalar ruwa da takarda mai kauri, wadda galibi sai an aiko mana da ita daga Yamai.

Dattijon nan shi ya shimfiɗa mana ƙa'idar aikin tun ranar farko. Ya ce wanda yake zanen ado yana da ikon ƙara wa itace abin da ya ga dama, amma mu amana muka ɗauka: a zana ganye daidai girmansa, a nuna yadda yake zaune a jikin reshe, a fito da ƙaya da fure da ɗan itacen a tsage har a ga ƙwallonsa, sannan a ja ma'aunin santimita a gefe, a rubuta rana da wurin da aka tsinko reshen. Mutane sukan tambaye ni dalilin wannan wahala alhali kowa yana da waya mai ɗaukar hoto. Amsata ita ce waya tana kwaso duk abin da ke gabanta, inuwa da ƙura da akuyar da ke gindin itacen, ba ta san abin da ya raba wannan iri da wancan ba. Mai zane kuwa yana zaɓe, kuma yana iya haɗa furen watan Disamba da ƴaƴan watan Yuni a shafi guda.

Yanayin garinmu ba ya sassauta wa mai wannan aiki. Reshen da aka tsinko da hantsi yakan yi yaushi kafin a gama fere fensir, shi ya sa muke fita bayan sallar asuba da jiƙaƙƙen tsumma, mu naɗe reshen, mu tsoma gindinsa a ruwa. Da hunturu kuma kala takan bushe a bakin buroshi tun ba ta taɓa takarda ba. Da kuɗin kala ya gagare mu, sai muka koma ga tawadar makarantar allo, ta gawayi da ƙaro, muka kuma koyi dafa ƴaƴan bagaruwa da tsatsattsun ƙusoshi, abin da ke ba da baƙi mai kama takarda sosai.

Tun ina yaro nake cin magarya da kurna, amma sai da na zauna zana su na lura cewa bayan ganyen magarya fari-fari ne mai laushin gashi, na kurna kuwa kore ne ciki da baya, ko da yake dukansu suna da manyan jijiyoyi uku da suka tashi daga gindin ganye, da ƙayoyi bibbiyu, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasassa. Irin wannan buɗewar ido ce ta sa muka ga bai kamata abin ya tsaya a farfajiya ba. Muka fara shiga makarantun firamare da rassa da takardu, kuma a kowace ranar 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, wadda kuma ake dashen itatuwa a cikinta, mukan rataye zane-zanenmu a igiya a gefen wurin dashe. A wata makaranta wani uba ya tare ni cikin ladabi, ya ce: "Malam, anya ba ku koya wa yaranmu abin da addini ya hana ba?" Na ji daɗin tambayar, domin daga zuciya ta fito. Na tuna masa ruwayar da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Mako na gaba shi da kansa ya kawo mana reshen aduwa.

A shekara ta biyu muka kai zane-zanenmu wani ƙauye a yankin Keita, inda aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 ya bar jerin duwatsu da ramukan tare ruwa a jikin tuddai. Mun je ne da niyyar koyarwa. Daga cikin abin da na ɗauka akwai zanen anza, wanda na shafe Asabar uku ina yi a cikin sanyi, lokacin da take fure, kuma a ganina duk ƙa'idar dattijonmu ta cika a kansa: ganye mai kauri kamar fata, da ƙananan furanni masu ruwan kore, da ma'auni, da kwanan wata. Wata tsohuwa ta karɓi takardar, ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo mini.

"Ɗana, ganyen dai na anza ne, amma wannan ba anzar da na sani ba ce. Ina ƴaƴan?"

Na ce: "Inna, lokacin da na zana ta ba ta yi ƴaƴa ba tukuna."

Ta ce: "To, ka zana ta a lokacin da ba mai bukatarta."

Sai ta zaunar da mu, ta ba mu labarin yunwar 1984, yadda ita da kishiyarta suke fita tun duhun asuba su tsinko ƴaƴan anza, su ɓare, su jiƙa ƙwayar kwana da kwanaki suna sauya ruwa har ɗacin ya fita, kafin a dafa dilo a ba yara. Ta ce wanda ya yi gaggawa ya rage kwanakin jiƙon, cikinsa ne zai gaya masa. Abin da ya fi damunta shi ne jikokinta sun san sunan dilo amma ba su san aikinsa ba, kuma takardar da za ta ce wa yaro anza abinci ce ba tare da ta faɗi jiƙon ba, cutarwarta ta fi amfaninta. Na dawo gida a daren nan maganar tana yi mini nauyi, domin gaskiya ta faɗa: anza takan nuna ne a farkon damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma wannan ne dalilin da ya sa mutanen karkara suke ganin girmanta.

A watan Yuni muka koma mu huɗu. Inna ta kai mu gindin anzar da ta fi yarda da ita, ta nuna mana ɗanye da nunanne, ta ɓare ƙwayar a tafin hannunta, ɗaya daga cikin masu lallenmu tana zanawa. Da muka dawo sai gardama ta tashi, domin ni na so a saka ƙwaryar jiƙon a cikin shafin, dattijonmu kuwa ya ce ƙwarya ba sashen tsiro ba ce. Yana da hujja, kuma ban so a karya ƙa'idar da ta riƙe mu ba. Muka daidaita a kan cewa fuskar takarda ta tsiron ce shi kaɗai, bayanta kuma na mutanen da suka san shi ne: a can muke rubuta abin da suka gaya mana da bakinsu, bayan mun nemi izininsu. Mun kuma yanke cewa ba za mu rubuta awon magani ba ko da an faɗa mana, don mu ba masu magani ba ne, sai dai gargaɗi, irin na nonon tumfafiya da ke yi wa ido lahani.

Tun daga nan ba ma ɗaukar zane a matsayin kammalalle sai an rufe sunansa an nuna wa manoma ko makiyaya ko mata masu itace mutum uku. Idan ɗaya ya yi shakka, a sake. A makarantu ma mun daina farawa da bayani. Mukan ba yaro takarda mu ce ya je ya tambayi kakarsa ko kakansa kafin ya ja layi ko ɗaya. Wani yaro ɗan aji biyar ya dawo mana da gawo biyu a shafi guda, ɗaya tsirara ɗaya lulluɓe da ganye, ya ce kakansa ya gaya masa gawo da damina yake zubar da ganye, shi ya sa hatsi ke yin kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi wa dabbobi inuwa da ƴaƴa. A littattafan ilimi sunan gawo Faidherbia albida, an ɗauko shi ne daga sunan Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal zamanin mulkin mallaka. Muna rubuta wannan suna don masu bincike su gane, amma da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. Sunan Hausa ne a sama, sai na Buzanci da Fulatanci idan mun samu wanda ya tabbatar mana da su.

Da kaka muka kai wa Inna nata kwafin zanen anzar. Ta sa jikarta ta karanta mata abin da ke bayan takardar, ta gyara mana kalma guda, sannan ta naɗe ta a zane ta saka a cikin kwallarta. Kafin mu tashi ta ce saura jiga, wadda ake dafa ganyenta, kuma ta san inda manya guda biyu suka rage a bayan dutse. Mun sa ranar komawa bayan an gama ɗaurin hatsi, mun kuma ware wa jigar takarda biyu daga cikin shida da suka rage mana.