Wata uku ina renon ƙwaya ɗaya

Ranar da na dawo gida Agege da shuɗi a hannun rigata, Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, wai karatu kike yi ko rini? In rini ne ai da Ƙofar Mata muka tura ki." Ban yi musu ba, don abin da ke cikin kwalbata ya yi kama da ruwan baba.

A ɗakin gwajinmu na kimiyyar sinadarai, gishirin jan ƙarfe na narkar, na zuba masa sinadaran fenantirolin da gilaisin a cikin metanol da ruwa, na bar shi yana juyawa a kan wuta kaɗan-kaɗan. Kowanne cikin biyun yana kama ƙarfen da hannu biyu: fenantirolin da naitirojin guda biyu, gilaisin da naitirojin ɗaya da oksijin ɗaya. Sai na zana ƙarfen a tsakiya, hannuwa huɗu a shimfiɗe kamar tabarma, na sa a ka cewa haka yake. Haɗin nan wuni ɗaya ya ci.

Wahalar tana wajen samun kiristal. Na'urar hasken eksire da ke nuna siffar haɗin ba ta son gari, ƙwaya ɗaya take so, wadda ba ta da tsaga, girmanta kamar milimita 0.2, wato ko ƙwayar sukari ba ta kai ba. Na fara da dabarar da kowa ke yabo: ƙaramar kwalba a cikin babba, a zuba dayetil-eta a babbar don tururinta ya riƙa shiga a hankali. To eta tana tafasa ne a ma'aunin zafi kusan 35, ɗakinmu kuwa a watan Maris in an ɗauke wuta bai da nisa da hakan. Kafin gari ya waye komai ya zube ƙasa kamar kamu. Na koma barin ruwan ya ƙafe da kansa, na rufe bakin kwalbar na huda da allura, amma kantar tana jikin bangon da janareto ke jijjigawa, sai na yi ta samun ƙananan allurai a cunkushe. Ga ni kuma da ɗaga kwalba kowace safiya ina leƙawa. Malamina ya ce, "Kin taɓa ganin kazar da ake ɗaga ta kullum ta ƙyanƙyashe?" Na kai kwalabe shida cikin wata durowa a can ƙurya, na kulle, na ba shi makullin. Bayan kwana 18, biyu suka ba da ƙwayoyi masu kusurwa, shuɗi mai duhu.

Ba mu da na'urar a ɗakinmu, sai an aika wa wani abokin aikin Malam a Afirka ta Kudu. Nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta: na tsame su na shanya a takardar tacewa don su tafi tsaf. Ashe akwai ruwa a cikin ginin kiristal ɗin, da ya fice sai suka dusashe suka farfashe. Na biyun a cikin ruwansu na aika.

Da bayanan suka iso na buɗe su a manhajar Olex2, sai ga hannu na biyar. Ƙwayar ruwa ce zaune a saman ƙarfen, tabarmata ta zama dala. Hannuwan huɗu na ƙasa tsawonsu wajen angistiron (awon tazarar ƙwayoyin zarra) 2.0, na saman ya haura 2.2, irin miƙewar da masana Jahn da Teller suka yi bayaninta tun 1937, wadda na haddace don jarrabawa ban taɓa ganinta da idona ba.

Murnata ba ta kwana ba. Malam ya ce in duba ma'aunin ginin a rumbun bayanan kiristal na Kambirij, wanda ya haura siffofi miliyan ɗaya tun 2019. Minti biyar ba a yi ba na tarar wasu sun riga ni da shekaru. Yanzu na musanya gilaisin da wani ligan, wato wani sinadarin mai kama ƙarfe, kuma rumbun na fara dubawa kafin in auna komai. Kwalabe takwas suna durowa, makullin yana aljihun Malam.